Kalmomin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Buɗe Shafin Intanet

Da yawa daga cikin 'yan kasuwa kan ba da aikin gina musu shafin intanet ba tare da sun fahimci abin da ke rubuce a takardar lissafin da mai ginin ya miƙo ba. Akan ga kuɗin domen, da kuɗin hostin, da kuɗin zane, a biya su a dunƙule. Sai shekara ta zagayo, shafin ya ɓace, sannan a fara tambayar wane ne mai shi. Sanin ma'anar waɗannan kalmomi shi ne ke bambance wa mutum abin da ya mallaka da abin da ya karɓa haya.

Intanet ita ce haɗakar kwamfutocin duniya da ke musayar bayanai, kuma ta samo asali ne daga wani shiri mai suna ARPANET da Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ɗauki nauyinsa a 1969. Tsarin shafuka kuwa, wanda ake gane shi da haruffan www, ya zo ne daga baya: wani masani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya tsara shi a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke Turai. A bakin jama'a duka biyun yanar gizo ne, kuma babu laifi a wajen hira. Amma a wajen ciniki, wanda ya sayi data ya biya kuɗin shiga kasuwa ne kawai, bai kama rumfa ba.

Kowane shafi yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira saba. Mai ziyara kuma yana buɗe shafin da manhajar da ake kira burauza, kamar Chrome, Firefox ko Opera. Hostin shi ne hayar wuri a cikin saba, wata-wata ko shekara-shekara. Idan mai gidan ya tsawwala haya, ko sabarsa ta cika ɗaukewa, ana iya kwashe shafin a koma wani kamfani, kamar yadda ake sauya wa kaya sito.

Inda ya kamata a tsaya a natsu shi ne maganar domen. Kwamfutoci suna gane juna ne da lambobi, waɗanda ake kira adireshin IP. Da yake haddace lambobi na da wuya, a 1983 aka ƙirƙiro tsarin DNS, wanda aikinsa shi ne haɗa suna da lamba. Wannan suna, wanda ake bugawa a burauza, shi ne domen. Ƙarshensa kan nuna jinsi ko ƙasa: .com na harkokin kasuwanci ne, .ng na Nijeriya, .ne na Nijar, .gh na Ghana. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ce ke kula da rajistar .ng da .com.ng, yayin da hukumar ICANN, da aka kafa a 1998, ke lura da tsarin sunayen baki ɗaya.

Ba a sayen domen sayen dindindin. Rajista ake yi ta shekara ɗaya ko fiye, a .com ma ba ta wuce shekara 10 a lokaci guda, sannan a sabunta. Wanda ya riga shi ke samu, kuma rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni ba ta keɓe wa kowa domen. Babban abin lura shi ne, mai iko da domen shi ne wanda sunansa ke cikin rajistar, ba wanda ya ba da kuɗin ba. Wasu masu gina shafi kan yi rajistar da sunansu, galibi don saukin aiki ne kawai, ba da mugun nufi ba. To amma ranar da aka sami saɓani, ko mai ginin ya bar sana'ar, ko ya rasu, ɗan kasuwa zai tarar cewa adireshin da ya buga a buhunansa da katunansa da jikin motocinsa yana hannun wani. Haka nan duk adireshin imel da ke ɗauke da wannan suna zai tsaya, tare da wasiƙun abokan ciniki na waje.

Shi ginin shafin, kalmomi uku aka fi ji a kansa. HTML shi ne tubalin da ke tsara rubutu da hotuna, CSS ke ba da launi da fasali, JavaScript kuma ke sa maɓallai aiki. Ba dole ne ɗan kasuwa ya iya su ba. Abin da ya fi shafarsa shi ne manhajar sarrafa shafi, irin su WordPress da ta fito a 2003, domin da ita ce shi ko yaron shagonsa zai iya sauya farashi ko ƙara hoton sabon kaya ba tare da jiran kowa ba. Wajibi ne ya karɓi sunan shiga da kalmar sirri na babban mai gudanarwa.

Bugu da ƙari, ya kamata a gwada shafin a wayar hannu kafin a biya cikon kuɗi, tunda ta nan akasarin masu saye za su shigo. Shafin da ya yi kyau a allon ofis amma rubutunsa ya cakuɗe a waya, ko manyan hotunansa suka cinye datar mai ziyara kafin ya buɗe, ado ne kawai.

Sai kuma haruffan https da ke farkon adireshi. Suna nuna cewa bayanan da ke tafiya tsakanin mai ziyara da saba a kulle suke, ba mai iya karanta su a hanya. Tun daga Yulin 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da su alamar rashin tsaro, abin da ke korar mai son biya da kati. Takardar shaidar wannan kulli ana samun ta kyauta daga Let's Encrypt, saboda haka wanda aka caje shi kuɗi mai yawa a kanta yana da damar ya nemi ba'asi. Sai dai ita ba shaidar gaskiyar mai shafi ba ce, domin 'yan damfara ma suna sanya ta.

A ranar karɓar aiki, ban da kalmar sirrin shafin, akwai buƙatar a karɓi ta asusun domen da ta hostin, da cikakken kwafin shafin don ajiya, a kuma rubuta ranar da rajista za ta ƙare. Ƙa'idar ICANN ta wajabta wa kamfanonin rajistar .com su aika da tunatarwa kimanin wata guda, da kuma mako guda, kafin cikar wa'adi. Saƙon yana zuwa ne ga adireshin imel da aka sa a rajistar, don haka sai a duba a tabbatar na ɗan kasuwar ne, kuma wanda yake buɗewa.