Icce Cikin Kasko

Kowa a cikinku ya san kuka. Tana da girma ƙwarai. Wata ma sai yara goma sun kama hannun juna kafin su kewaye gindinta. In wani ya ce muku akwai kuka mai shekara 20 wadda yaro zai ɗauka da hannu biyu ya aza bisa tebur, za ku ce wasa yake yi. To, ba wasa ba ne. Akwai irin wannan kuka. Tana da gindi mai kauri da rassa da ganye kamar kowace kuka, amma tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Cikin kasko take zaune.

Sunan wannan sana'a bonsai. Kalmar Japanawa ce, ma'anarta abin da aka dasa cikin kasko. Mutanen ƙasar Sin suka fara ta, yau fiye da shekara 1000. Daga wurinsu Japanawa suka koya, suka gwanance, har duniya ta san abin da sunan da suka ba shi. A birnin Washinton na Amurka akwai wani irin wannan icce da aka fara reno a Japan tun 1625. Yana garin Hiroshima sa'ad da aka jefa bam a 1945, bai mutu ba. A 1976 aka ba da shi kyauta ga Amurka. Ku ƙidaya shekarunsa da kanku. Ku tuna kuma, duk tsawon shekarun nan ba a taɓa barinsa da ƙishirwa ba. Uba ya ba shi ruwa, ɗa ya ba shi, jika ya ba shi.

Me ya hana shi girma?

Wasu suna zaton wani iri ne na dabam ake shukawa. Ba haka ba ne. In aka ɗauki ƙwayar da ƙaramin iccen nan ya haifa aka shuka ta a gona, babban icce za ta zama. Ba kuma horon yunwa ake yi masa ba. Ana ba shi ruwa da taki yadda ya kamata.

Amsar tana nan kusa da mu. Ku hau tudun da ke bayan Dogon Dutsi, ko ku bi hanyar Matankari ko ta Lugu, ku dubi itatuwan da suka fito tsakanin duwatsu. Za ku ga geza da sabara da magarya. Wata magaryar ta girme ku, amma ba ta kai ƙugunku ba. Abu biyu suka tsayar da ita. Na farko, saiwarta ba ta sami wurin tafiya ba, dutse ya tare ta. Na biyu, duk sa'ad da ta yi sabon toho sai akuya ta zo ta cinye. Ita kuwa sai ta sake fitar da ƙananan rassa masu yawa daga gefe, gindinta ya yi ta ƙara kauri. Ku gangara fadama wajen Geceme ko Kore Mai Ruwa, ku dubi ƴar'uwarta. Can ƙasa tana da zurfi, ruwa yana kusa, ga ta nan ta yi inuwa.

Mai renon icce cikin kasko aikin dutse da aikin akuya yake yi, amma da hankali. Kasko shi ne dutsen. Almakashi shi ne bakin akuya. Yana datse kan rassa in sun yi tsawo. Bayan shekara biyu ko uku sai ya fitar da iccen daga kaskon, ya rage saiwar da kamar kashi ɗaya cikin uku, ya zuba sabuwar ƙasa ya mayar da shi. In yana son reshe ya karkata, sai ya naɗa masa waya ya lanƙwasa shi sannu sannu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nan maganar ba karin magana ba ce kawai, aikin ke nan. Wanda ya jira reshe ya ƙosa, karya shi zai yi.

Wane icce za mu zaɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Kada hotunan littattafai su ruɗe ku. Itatuwan Japan da na Faransa sun saba da sanyi mai tsanani. In aka kawo su Arewa, zafin bazara ɗaya ya ishe su. Icce na wurinmu za mu zaɓa, wanda ya san raninmu.

Kuka ce ta fi sauƙi. Tana ajiye ruwa cikin gindinta da saiwarta, saboda haka in an manta da ita kwana biyu ba ta mutuwa. Ku sha garin ƴaƴan kuka, ku ajiye ƙwayar. Ɓawonta yana da tauri. Ku zuba mata ruwan zafi, ku bar ta ta kwana ciki, sannan ku shuka. Kada ku yi mamaki in ganyen farko bai yi kama da na babbar kuka ba. Ƙaramar kuka ganye guda guda take fitarwa. Sai ta ɗan girma take yin mai kamar yatsun hannu.

Tsamiya ma tana da kyau, don ganyenta ƙanana ne. Ƙaramin icce mai ƙananan ganye ya fi kama da babban icce da aka hango daga nesa. Cediya kuwa ko ƙwaya ba ta bukata. A yanki reshe da damana a kafa, sai ya kama. Akwai kuma kariya, mai gindi kamar tulu da fure ja mai kyau. Mutanen Turai da na Asiya suna sayen ta da kuɗi su ajiye a gida. Amma ruwan jikinta guba ne. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, kada ya kai ido ko baki. Ƴan ƙananan aji su bar wa malam ita.

Giginya da goriba ba su yi. Ba su da rassan da za a datse su sake tohowa. Giginya kai ɗaya gare ta, in an yanke shi ta mutu. Gawo kuma yana da wuyar sha'ani. Tun yana ƙarami yake tura saiwa guda can ƙasa neman ruwa, ba ya son kasko. A bar shi a gona, inda yake amfanin hatsi.

Kada kowa ya je daji ya tumɓuke ƙaramin icce. Gawo da kuka da tsamiya suna cikin itatuwan da doka ta kare. Wanda ke son dashe ya shuka ƙwaya, ko ya tambayi ma'aikatan gandun daji.

Kaskon yumɓu ya fi gwangwani, don ƙarfe yana ɗaukar zafin rana ya ƙona saiwa. Gindin fasasshen tulu ma ya isa. A huda shi daga ƙasa. Wannan tilas ne. A zuba tsakuwa kaɗan, sannan rairayi mai kauri haɗe da ruɓaɓɓen taki. A aza kaskon bisa duwatsu uku don gara.

Lokacin barci

A ƙasashen sanyi babban aikin mai bonsai shi ne ya fitar da iccensa daga lokacin sanyi da rai. Can ruwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara. Iccen da ke daji bai damu ba, ƙasa ta rufe saiwarsa kamar bargo. Na cikin kasko ba shi da wannan bargo. Sai mai shi ya binne kaskon cikin ƙasa, ko ya kai shi wani ɗaki da ba a hura wuta. Me ya sa ba zai kai shi ɗaki mai ɗumi ba? Don itatuwan can suna bukatar sanyin su huta. Wanda aka hana wa wannan hutu yana raunana, daga baya ya mutu. Amma Bafaranshen da ya sayi ƙaramar kuka dole ya shigar da ita cikin gida, ya aza ta bakin taga. Ita ba ta san ƙanƙara ba.

Mu ba mu da ƙanƙara. Muna da dari, muna da bazara. A watan Disamba da Janairu iskar hunturu tana busowa da ƙura. Da asuba sanyi yana sauka wajen digiri 15. A watan Afirilu kuwa zafi yana wuce digiri 40. Itatuwanmu su ma suna da nasu lokacin barci, sai dai rashin ruwa ne ke sa su barcin.

Nan ne yara da yawa suke kuskure. Bayan kaka ƙaramar kuka tana zubar da ganye duka. Sai sanda kawai ta rage cikin kasko. Wani yaro ya ce ta mutu, ya tumɓuke ta ya yar. Wani kuma tausayi ya kama shi, ya yi ta zuba mata ruwa safe da yamma. Shi ma ya kashe ta. Icce ta ganye yake fitar da ruwan da ya sha. Kukar da ba ta da ganye ba ta shan ruwa sai kaɗan. Ruwan ya zauna cikin kasko, ga sanyi, saiwar ta ruɓe. Na biyun ya fi ban haushi, don da ƙauna ya yi ɓarnar.

Ga yadda za ku gane. Ku kanƙare ɓawon kaɗan da farce. In kun ga kore a ƙarƙashi, tana da rai, barci take yi. Ku matsa gindin da yatsa. In yana da tauri, lafiya lau. In ya yi taushi kamar ruɓaɓɓen dankali, ruwa ya yi yawa. Ku ajiye ta wuri mai haske inda bango ya tare iskar gabas. Ku bar ƙasar ta bushe. Gab da damana za ku ga ƙananan idanu sun kumbura a kan rassa. Ta farka ke nan. A fara ba ta ruwa kaɗan kaɗan. Wannan ne kuma lokacin sake kasko da rage saiwa.

Cediya da tsamiya ba haka suke ba. Suna riƙe yawancin ganyensu, suna ci gaba da shan ruwa. Kowace safiya a sa yatsa cikin ƙasar. In ta bushe a ba su ruwa har ya fito ta hudar ƙasa. Da bazara a kai su ƙarƙashin rumfa kafin rana ta take. A wanke musu ƙura. Kada a ba su ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri. Kuma a yi musu shinge. Akuya ba ta san iyaka ba.

Gawo shi kaɗai ya saɓa. Da damana yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Kowane icce da nasa lokaci.

Iccen da ke tsaye cikin ruwa

Mun ce gishiri yana cutar da icce. Akwai wanda bai damu da shi ba. Fadamarmu, wadda ake rubuta Dallol Mawri a taswira, tana gangarawa kudu har kogin Isa, wajen Gaya. Kogin ya ratsa Nijeriya ya faɗa teku. A can bakin teku, inda ruwan daɗi ya gamu da ruwan gishiri, akwai daji cikin ruwa. Shi ne mafi girman irinsa a Afirka. Akwai shi kuma a Sanagal da Gine. Da Faransanci sunan iccen palétuvier, sunan dajin mangrove. Mu ce masa iccen bakin teku.

Saiwoyinsa suna fitowa daga jikin gindi, su sauka cikin laka kamar ƙafafun gizo-gizo. Da su yake tsayawa, da su kuma yake numfashi, don laka ba ta da iska. Ƙananan kifaye suna ɓuya tsakaninsu har su girma. Ƙwayarsa tana tsirowa tun tana rataye jikin uwar. Sai ta yi tsawo kamar alƙalami ta faɗo. Ruwa ya ɗauke ta, ta yi watanni tana yawo kafin ta sami laka ta kafu.

Masu kiwon kifi cikin akwatin gilashi a gidajensu sukan sami wannan ƙwaya su kafa a ciki. Saiwa cikin ruwa, ganye a sama. In ruwa ya rufe ganyen, iccen ya mutu. Yana son haske da ɗumi. In ruwan na gishiri ne, sai a riƙa fesa wa ganyen ruwan daɗi. Shi kuma yana tsotse wani abu daga ƙazantar kifin ya yi abinci da shi. Girmansa a hankali yake. In ya yi tsawo sai a tsinke kansa, kamar dai na cikin kasko.

Mu a nan ba mu da wannan icce, teku ta yi mana nisa. Amma reshen cediya cikin kwalba mai ruwa zai nuna mana yadda saiwa take fitowa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu suka hana magaryar kan tudu girma?
2. Me ya sa ba a yin bonsai da giginya?
3. Kukarka ta zubar da ganye a watan Disamba. Yaya za ka gane ko tana da rai?
4. Me ya sa Bafaranshe yake shigar da kuka cikin gida, amma ya bar iccen ƙasarsu a sanyi?

Aiki

Tun 1975 ake dasa itatuwa a Nijar ran 3 ga Agusta. Bana kowane rukuni ya shuka ƙwayar kuka biyu rana ɗaya. In sun tsiro, a dasa ɗaya a filin makaranta a yi mata shinge, a bar ɗaya cikin kasko. A zaɓi wanda zai tafi da kaskon gida lokacin hutu. Farkon kowane wata a auna su da santimita, a ƙidaya ganyensu. A rubuta cikin littafin aji da Hausa da Faransanci. A rubuta ranar da kowace ta zubar da ganye, da ranar da ta sake tohowa.