Tambaya da Amsa: Yaya Zan Fenta Dakarun Kano na Ƙarni na 16?

Tambaya: Malam, wani ɗan'uwana ya aiko mini da ƙananan sojojin roba daga Ingila, masu tsawon milimita 28, irin waɗanda ake jerawa a kan tebur a kwaikwayi yaƙe-yaƙen Turai na ƙarni na 16. Ni kuwa so nake in mayar da su dakarun Kano. Na gwada, fenti ya cushe musu fuska, launuka suka dagule. Ina kuma tsoron in yi wa tarihin garinmu ƙarya. Ko in haƙura? Daga Auwalu, Yakasai.

Amsa: Malam Auwalu, Allah ya yi maka albarka. Damuwarka biyu ce, ta hannu da ta tarihi, kuma ta biyun ce ta fi burge ni. Kada ka haƙura.

Zamanin da ka zaɓa ya dace. A shekarar 1525 da aka kama Sarkin Faransa a yaƙin Pavia, Muhammadu Kisoki ke sarautar Kano. Kafin shi Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shafe shekara 11 yana gwabzawa da Katsina ba wanda ya rinjayi wani, kamar yadda littafin Tarihin Kano ya kawo. Littafin ya kuma ce tun zamanin Kanajeji, 1390 zuwa 1410, lifidi da kwalkwali da sulke suka shigo. Ka ga ke nan in ka sa wa dokinka lifidi, kana kan gaskiya.

Inda za ka yi hattara shi ne bindiga. Sojojin da aka aiko maka da yawansu na riƙe da ita, alhali rundunar 'yan bindigar fadar Kano sai zamanin Babba Zaki, 1768 zuwa 1776. Ka ware su ka yi rundunar Barno da su, domin Mai Idris Alauma ya yi amfani da Turkawa masu bindiga a ƙarshen ƙarni na 16. Naka dakarun ka ba su mashi da takobi, 'yan ƙasa kuma kwari da baka.

Masu wannan aiki a Turai hotunan littafi suke bi. Kai kuwa daga Yakasai da ƙafa za ka isa Gidan Makama, inda aka ajiye kayan yaƙin dā. Ranar Hawan Daushe ka tsaya kusa da Ƙofar Kudu, ka zuba wa 'yan lifidi ido. Dubi yadda lifidin ke sauka har gwiwar doki, yadda ɗinkin ya rarraba shi gida-gida, yadda gashin jimina ke rawa a kan kwalkwali, da yadda ƙura ke dusashe gefen ƙasa. Sai dai kayan hawa na yau sun sha yadin zamani mai walƙiya. Ɗauki siffar, ka bar ƙyallin. Launukanka su zama na abin da masu rini ke da shi a dā: shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata, jan karan dafi na fatar dukawa, da farin saƙi wanda ba fari fat ba ne, ya ɗan ja zuwa ruwan madara.

Yanzu ga hannu. Abin da ya cushe fuskokin nan kaurin fenti ne. Wanke sojan da sabulu, ka bari ya bushe, ka yi masa shimfiɗar farko da ruwan ƙasa mai duhu. Yi amfani da fentin akirilik, ka tsinka shi da ruwa har ya yi kamar tsinkakken koko, ka shafa sau biyu ko uku, kana barin kowane shafi ya bushe. Da hunturu fenti na daskarewa a kan buroshi kafin ka kai shi, don haka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti, ka ɗora takardar gashin kek, ka dama fentin a kanta.

Lifidi kuwa da kanka za ka yi. Yanka takarda mai laushi, ka jiƙa ta da farin gam na kafinta, ka lulluɓe dokin daga wuya zuwa gwiwa. Kafin ta gama bushewa, ja layukan ɗinki da bakin allura. Sulke ya fi sauƙi: fenta shi baƙi, ka taɓa ruwan azurfa da buroshi, ka goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, sannan ka shafa sama-sama. Zobban za su fito da kansu.

Fatar jiki kada ka sa mata baƙi zalla. Fara da ruwan ƙasa mai duhu, ka ɗiga mai haske a goshi da karan hanci. Ido ba sai ka zana ba, domin daga nesan tebur ba a ganinsa, amawali ma zai rufe rabin fuskar.

Ka fara da mahaya biyar kacal. In sun bushe, shafa musu man kariya mara sheƙi, ka adana su cikin kwano mai murfi saboda ƙura da zafin rana.