Darasi: Ganuwar Jikin Yaro

Abin karantawa: Nehemiya sura 3 da 4.

'Yan'uwa, duk wanda ya san birnin Katsina ya san labarin ganuwarsa da ƙofofinsa, kamar Ƙofar Ƙaura, da Ƙofar Sauri, da Ƙofar Marusa, da Ƙofar Guga. Mutanen dā ba su jira sai sun hango ƙurar mahara kana su fara kwaɓa ƙasa ba. Tun ana zaman lafiya suka yi ginin. Haka Nehemiya ya yi a Urushalima: ya yi addu'a, ya kuma sa matsara dare da rana. Allurar rigakafi ita ce ganuwar jikin yaro. Darasinmu na wannan wata domin iyayen Kambarawa ne da sauran unguwannin birni, har da 'yan'uwa na ƙauyuka.

Yadda rigakafi ke aiki

Allah ya halicci jikin mutum da dakaru a cikin jini masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Amma dakarun jariri ba su san fuskar abokan gāba ba tukuna. Rigakafi ya kan nuna masu ita tun da wuri. Waɗansu alluran, ƙwayar cutar ce mai rai aka raunana ta, kamar ta tarin fuka, da ta ƙyanda, da ta shawara, da ɗigon shan-inna. Waɗansu kuwa ƙwayar ce aka kashe, ko aka ɗauki ɗan ɓangarenta, ko aka kashe dafinta. Jiki ya kan gwada ƙarfinsa a kansu, ya riƙe kamanninsu. Ran da cutar gaske ta zo, sai ta tarar an rufe ƙofa.

Tsofaffinmu shaidu ne. Da yawa cikinsu suna da tabon lamba a dantse, sun kuma san makafin da agana ta bari. Wani likita a Ingila, Edward Jenner, shi ya fara yin lamba a 1796. A 1980 aka shelanta cewa agana ta ƙare a duniya ɗungum. Shan-inna kuma, a 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da ɗigon a Kano da waɗansu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, yara da yawa suka shanye. Da aka koma ga aikin, sarakuna da malamai suka sa hannu, sai a ran 25 ga Agusta 2020 aka shelanta Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna ta daji. Amma inda aka yi sakaci, cuta ta kan komo. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano, ya taɓa Katsina da Yobe da Borno, yawancin yaran da ya kama kuwa ba su cika alluransu ba.

Lokatan zuwa asibiti

Da haihuwa: allurar BCG ta tarin fuka, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan-inna. Ta ciwon hanta ta fi amfani cikin awa 24 na farko. Kada a ce sai bayan suna.

Mako 6: wannan ya faɗo daidai bayan arba'in ɗin mai jego, ba shi da wuyar tunawa. A kan yi allurar Penta, wadda ta haɗa cuta biyar: mashaƙo, da tarin shiƙa, da ciwon sarƙe haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. A kan ƙara da ta ciwon huhu, da rigakafin shan-inna, da ɗigon zawo mai tsanani wanda aka fara bayarwa a Nijeriya a 2022.

Mako 10 da mako 14: a kan maimaita. Sau ɗaya bai isa ba, kamar yadda ruwan fari kaɗai ba ya nunar da gero.

Wata 9: ta ƙyanda, da ta shawara, da ta sanƙarau.

Wata 15: ta ƙyanda ta biyu.

Dukan waɗannan kyauta ne a asibitocin gwamnati, tun daga ƙananan asibitocin unguwa har Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa. Ku adana katin yaro inda ku ke ajiye takardar haihuwarsa. In an tsallake lokaci, ba a komawa farko. Daga inda aka tsaya a kan ci gaba. Mace mai ciki kuma ta karɓi tata allurar wajen awo, gama ita ce ke kāre jariri daga sarƙewar haƙora ta hanyar cibiya.

Wa za a dakatar wa?

Ga waɗanda ya wajaba a gaya wa ma'aikacin asibiti labarinsu kafin allura:

1. Yaron da wata allura ta taɓa kumbura masa fuska, numfashi ya yi masa wuya nan take. Ba za a sake yi masa irinta ba.
2. Yaron da ke ciwo mai tsanani, irin na kwanciya asibiti. A jira ya warware, sa'an nan a yi.
3. Yaron da garkuwar jikinsa ta raunana ƙwarai, ko ta ciwon ƙanjamau, ko ta maganin ciwon daji. Alluran masu rai su kan yi masa lahani, sai yadda likita ya ce.
4. Yaron da cin ƙwai ke tayar masa da kumburi da sarƙewar numfashi. A faɗa kafin allurar shawara, gama cikin ƙwai a ke shirya ta.

Amma mura, da ɗan zazzaɓi, da ɗan zawo, da fitar haƙori ba su hana allura. Bakwaini, da yaro mai tamowa, da mai sikila sun fi kowa bukatarta, domin in cuta ta kama su ta fi kā da su.

Bayan allura yaro ya kan yi zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, wurin ya ɗan kumbura. A ci gaba da ba shi nono. BCG ta kan yi ɗan ƙurji bayan 'yan makonni, ya warke ya bar tabo. Kada a matse shi, kada a shafa masa kome. In kuwa yaro ya yi jijjiga, ko numfashi ya gagare shi, a kai shi asibiti maza.

Bangaskiya da allura

Waɗansu su kan ce, tun da ya ke Allah ne mai tsaro, ina amfanin allura? Mu tuna Iblis ya ce wa Ubangijinmu ya dira daga kan Haikali, wai mala'iku za su tare shi, Yesu kuwa ya ƙi gwada Allah. Mai barin ɗansa ba rigakafi alhali magani na nan kyauta, gwajin nan ya ke yi. Allah ne ya ba likitoci sani, kamar yadda ya ba manomi.

Ku lura kuma, a zamanin Nehemiya waɗansu sun gyara ganuwa daidai ƙofar gidajensu, amma dukan birni ne ya tsira. Ƙyanda ba ta tambayar addinin yaro. Jaririn maƙwabcinka wanda bai kai wata 9 ba, alluran 'ya'yanka ne ke tare masa hanya. Wannan ma ƙaunar maƙwabci ce.

Tambayoyi

1. Waɗanne allurai a kan yi wa jariri da haihuwa?
2. Yaro yana mura ranar allurarsa. Me uwarsa za ta yi?
3. A cikin ekklesiyarku, yara nawa ne katinsu bai cika ba? Zumuntar mata ta duba ran Lahadi mai zuwa, ta kuma zaɓi wadda za ta raka uwayensu asibiti.