Tsattsewa da Tafiyarta ta Kaka

Duk wanda ya tsaya a Unguwar Mu'azu da la'asar sakaliya a ƙarshen damina, ya ɗaga kai sama, zai ga tsattsewa suna ta shawagi. Da mun zaci duk iri ɗaya ne. Sai da mu ka yi kwana bakwai muna fita da yaran ajin da mu ke gwajin koyarwa, sa'an nan mu ka gane ashe akwai 'yan gida, akwai baƙi.

'Yan gida iri biyu mu ka gani. Na fari ƙanana ne baƙaƙe, da fari a maƙogwaro da gindin wutsiya, wutsiyar kuwa kamar an datse. Su ne ke yin sheƙa jingim a ƙarƙashin gadoji, suna haɗa gashin tsuntsu da ciyawa da miyau. Na biyu sirara ne masu doguwar wutsiya. A ganyen giginya su ke manna sheƙarsu, har ƙwan ma da miyau su ke liƙe shi, don kada iska ta ka da shi.

Baƙin sun fi waɗannan girma, launinsu kamar kunkunniya, fikafikansu kamar lauje. A Turai su ke ƙyanƙyasa. Wajen watan Agusta sai su taso, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su biyo ta ƙasashenmu suna bin hadari, gama inda ruwa ya sauka nan ƙwari ke tashi. Daga nan da yawansu su kan zarce wajen Kwango. Nauyin ɗaya bai fi giram 40 da 'yan kai ba, amma a shekarar 2016 masanan Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, bayan sun ɗaura wa waɗansu 'yar na'ura, sun tabbatar akwai masu yin wata 10 a sama ba su sauka ba.

Suna da 'yan'uwa a Amurka masu kwana cikin bututun hayaƙi na gidaje da makarantu. In kaka ta yi sai su taru dubbai, da magariba su yi ta kewaya bakin bututun kamar guguwa, sa'an nan su kwarara ciki. Shekara da shekaru ba wanda ya san inda su ke tafiya in sanyi ya zo. Mutane dai ba su fasa kama su suna sa musu zobe mai lamba a ƙafa ba, har a 1944 labari ya zo cewa mazauna kurmin ƙasar Peru sun sami waɗansu zobban. Tun daga wancan zamani yawansu ya ragu ƙwarai.

To, abin da ya shafe mu ke nan, mu masu shirin zama malamai. Duk ilmin nan daga mutanen da su ka tsaya su ka duba, su ka rubuta, ya fito. In ba mu rubuta namu ba, ran da tsuntsayen su ka ragu ba mu da abin gwadawa.

Ga yadda mu ka yi. Mun zaɓi wuri ɗaya, muna zuwa rabin sa'a kafin faɗuwar rana. Mun raba yara uku uku: ɗaya ya duba wutsiya, ɗaya ya ƙirga goma goma, ɗaya ya rubuta kwanan wata da halin sama. Wanda bai tabbata ba, ya rubuta bai tabbata ba, gama ƙirgan ƙarya ya fi rashin ƙirga ɓarna.

Wani yaro ya zo da danƙon harbi ranar farko. Ba mu tsauta masa ba, sai mu ka ba shi littafin. Kafin mako ya ƙare, shi ne ke fara hango baƙin. Muna roƙon 'yan'uwa ɗalibai su gwada wannan a makarantunsu, baɗi mu haɗa lissafi.