Amsar Tambaya: Za a Sassaƙe Ƙashin Bayan Mahaifina

Tambaya: Likita ya ce wani ƙashi ya tsiro a gadon bayan mahaifina yana danne jijiya, sai an sassaƙe shi da ƙarfe. Hankalinmu ya tashi. Mu amince? (Wata mai karatu daga Gusau)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙarfen da ake nufi siriri ne, bakinsa a lanƙwashe kamar cokali. Likita yana ɗora shi kan ƙashi, ya riƙa bugawa a hankali da ƙaramar guduma, yana ɓantaro kaɗan-kaɗan har jijiyar ta sami sarari. Da irinsa ake ɗebo ƙashi daga ƙugu idan za a haɗe gaɓoɓin baya. Ana turara ƙarfen cikin tururi mai tsananin zafi kafin aiki, kuma lokacin aikin Baba zai kasance cikin barcin magani, ba zai ji komai ba.

Ku koma wurin likitan ku tambaye shi: ko magani da motsa jiki za su wadatar? Wane haɗari ke cikin aikin? Yaushe Baba zai koma tafiya? In zuciyarku ba ta kwanta ba, ku kai hotunan bayansa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wani likitan ya duba.

Ku faɗa wa likita duk maganin da Baba yake sha, musamman asfirin da na ciwon suga. In yana shan taba ya daina, domin tana jinkirta haɗuwar ƙashi. Kada ku bari a ja masa baya ko a yi masa tsaga a gida. Idan ƙafafunsa suka fara mutuwa, ko fitsari ya riƙa kuɓuce masa, ku garzaya asibiti a ranar.