Wasan Taubasai

Allah ya halicci mutane iri iri, kowace kabila da harshenta da al'adunta. Inda duk jama'a suka zauna tare kuwa ba a rasa saɓani, don ko harshe da haƙori su kan saɓa. Amma mutanen da sun bar mana wata dabara ta kashe wutar gaba, ita ce wasan taubasai.

Asalin taubasai shi ne ɗan wa da ɗan ƙanwa, watau 'ya'yan namiji da 'ya'yan mace. Waɗannan su kan yi wa juna ba'a, ba mai fushi. A watan cika-ciki ma a kan ba taubashi 'yar kyauta, ana kiranta kuɗin shara. Haka kuma jika ya ke wasa da kakansa.

Wasan bai tsaya cikin gida ba, har ya shiga tsakanin garuruwa da kabilu. Kanawa suna wasa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarabawa, Zabarmawa da Buzaye, Fulani kuma da Barebari.

Labarin Fulani da Barebari abin lura ne ƙwarai. A zamanin jihadi an gwabza yaƙi tsakaninsu, har a shekarar 1808 rundunar Fulani ta ci Birnin Gazargamu, babban birnin Barno. Shehu Laminu ne ya zo ya taimaki Mai na Barno. An yi asarar rayuka da dukiya mai yawa. Amma yau in Bafillace ya gamu da Babarbare a kasuwa, sai ka ji ya ce, "Kai bawana, ina za ka?" Shi kuwa ya amsa, "Rufa wa kanka asiri, ubangidanka ne ni!" Sai su bushe da dariya, su gaisa, ko da ba su taɓa ganin juna ba.

Wasan nan yana da ka'ida. Ba a yin fushi, ba a cutar taubashi. In ya zo baƙunta a ba shi masauki da abinci. In kuwa rigima ta tashi, taubashi ya kan shiga tsakani ya faɗi gaskiyar da wani ba zai iya faɗi ba, a ji, a shirya. Saboda amfaninsa ne a shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasai na ƙasar Nijar cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Yara, ku riƙe wannan al'ada, ku zauna lafiya da kowa a makaranta da unguwa, ko wane harshe ya ke ji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Su wane ne taubasai a cikin gida?
2. Me ya faru a Barno a shekarar 1808?
3. Faɗi ka'idodi biyu na wasan taubasai.
4. Da wace kabila mutanen garinku su ke wasa?