Darasin Lafiya: Ciwon Hanta Nau'in C da Rikicewar Garkuwar Jiki

A darasin wannan karo za mu duba wata cuta da takan ɓuya a hanta, amma alamunta su fito a gaɓoɓi, fata ko ƙoda. Muna roƙon masu bishara da shugabannin zumuntar mata su karanta shi tare da jama'a.

Mece ce wannan cuta?

Ƙwayar cutar hanta nau'in C tana shiga mutum ta hanyar jini. An gano ta a shekarar 1989. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutane kusan miliyan 50 ne ke ɗauke da ita. Cikin mutum 10 da suka kamu, jikin wajen 3 yakan kore ta da kansa. A jikin sauran takan zauna shekaru da yawa shiru, tana cin hanta a hankali.

Yaya take rikita garkuwar jiki?

Allah ya sa garkuwa a jikinmu domin ta yaƙi cututtuka. Idan wannan ƙwaya ta daɗe a jini, garkuwar takan yi ta faɗa ba hutu. A jikin wasu sai ta rikice, ta koma cutar da jikin da ya kamata ta tsare. Takan fitar da wasu sinadarai masu dunƙulewa idan an yi sanyi. Su ne sukan maƙale a ƙananan jijiyoyin jini su kumbura su. Likitoci sun gano cewa yawancin masu irin wannan matsalar jini suna ɗauke da ƙwayar nau'in C.

Ga alamun da za mu lura da su:

1. Ciwon gaɓoɓi da gajiyar da ba ta wucewa.
2. Ƙananan tabo ja ko masu duhu a ƙafafu.
3. Zafi ko mutuwar tafin hannu da na ƙafa.
4. Kumburin ƙafa ko fuska da fitsari mai kumfa, alamar ƙoda ta taɓu.
5. Bushewar ido da baki.

Waɗannan alamu suna da wasu dalilai ma. Gwajin jini ne kaɗai zai raba gardama.

Ina haɗarin yake?

A ƙauyukanmu, mai ciwon gaɓoɓi yakan je a yi masa ƙaho ko tsaga, ko ya karɓi allura wurin wanda ba ma'aikacin lafiya ba. Idan aska ko allurar ta taɓa jinin wani, to wurin neman sauƙi an raba cuta. Haka ya faru a Masar, inda allurar maganin tsargiya da aka yi wa jama'a daga shekarun 1950 zuwa 1980, ba tare da tsabtace sirinji sosai ba, ta yaɗa cutar ga ɗimbin mutane.

Mu sani kuma, ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko shan ƙoƙon Jibin Ubangiji. Kada mu guji ɗan'uwa, kada kuma mu zargi kowa da maita ko sammu.

Albishir

Wannan cuta tana da magani. Ƙwayoyin sha da aka fara amfani da su daga 2013 suna warkar da fiye da 95 cikin 100, yawanci cikin mako 8 zuwa 12. Idan ƙwayar ta fita, sau da yawa tabon fata da ciwon gaɓoɓi sukan lafa. Amma ƙoda ko jijiyar da ta riga ta lalace ba lallai ta koma daidai ba, shi ya sa jinkiri yake da tsada. Masar ta soma gwada miliyoyin jama'arta a 2018, ta kuma ba su magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023.

Abin da za mu yi

Mu je asibiti a gwada jininmu. Gwajin farko yana nuna ko mutum ya taɓa kamuwa, na biyu kuma ko ƙwayar tana nan har yanzu. Kowa ya riƙe rezarsa da askarsa. Mu ƙi allurar da aka yi wa wani amfani da ita. Mai cutar ya bar giya da burukutu gaba ɗaya. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma nau'in B yana da shi, sai mu kai yaranmu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A waɗanne wurare ne muke amfani da reza ɗaya a garinmu?
2. Yaya ikilisiyarmu za ta taimaki wanda ba shi da kuɗin mota ko na gwaji?

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.